Turmina a Kan Buhunan Albasa

Shekara takwas muka yi a Anka, ni da maigidana, a gidan haya mai ɗaki biyu kusa da hanyar da motocin Gummi ke bi. Ni haifaffiyar Gummi ce, shi kuma mutumin Bukkuyum. Sana'arsa albasa. Yakan bi fadamu ya saya a hannun manoma, ya tara, ya sayar wa masu manyan motoci. Ni kuwa ina cikin gida ina yin fura, ina murza taliya, maƙwabta su aiko a saya. 'Ya'yanmu biyu, duka mata: babbar tana aji biyu a firamare, ƙaramar ban daɗe da yaye ta ba.

Wata rana da hantsi ya shigo da wasiƙa a hannu, wadda wani direba ya kawo masa. Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba. Daga kawunsa take, wanda ya fi shekara talatin a Kumasi, can ƙasar Gana, yana da rumfa a kasuwar albasa. Idanunsa sun raunana, ba shi da ɗa namiji, yana so ɗan ƙanwarsa ya je ya riƙe rumfar. Ba zuwan ci-rani ba ne. Kawun ya ce ya taho da iyalinsa, an tanadi ɗaki.

Sati biyu maigidana yana shawara da manyansa. Da magana ta tsaya, sai ya zo ya tsaya bakin ƙofar ɗakina ya bi kayan da kallo.

"Tuhwahi kawai za mu ɗauka," in ji shi. "Dut abin da ke cikin ɗakin ga a saishe shi. In mun isa mu sai sabo."

Na ce, "Duka, Malam?"

"Duka. Iyaka huɗu za mu ƙetare. Wa za shi tsaya yana sauke gado yana ɗorawa?"

Na dubi ɗakin. Ga gadon katako da katifarsa. Ga kabad mai gilashi, cike da jeren kwanuka, samiru da fanteka da kwalla, waɗanda Inna ta fara tara mini tun ina 'yar shekara tara, bana ɗaya, baɗi biyu, da abin da take samu a ƙuli-ƙuli. Duk Juma'a sai na sauke su na goge na mayar. A waje kuma ga turmina na icen kirya, wanda wani masassaƙi na wajen Gwashi ya sassaƙa, mai nauyin da sai mata biyu ke iya ɗaga shi.

Da na je Gummi na gaya wa Inna, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta ture faifan gefe.

"Mi yac ce? A saishe?"

"Haka yac ce, Inna."

"Ko cokali ba a bari. Ɗiyata ba ta shiga garin mutane da ɗaki wayam kamar wadda anka koro. Matan can su leƙo su ga tabarma da buta? Su ce daga wane gida kinka hito?"

Na koma Anka da maganganu biyu a kaina, kowacce na ja ta nata wajen. In na bi ta maigida, na zubar da wahalar Inna ta shekaru. In na bi ta Inna, sai an yi shatar mota guda don kayana kaɗai, abin da ba shi yiwuwa. Kwana da kwanaki ina aiki ina mantuwa. Har taliya na shanya na bari awaki suka cinye.

Ranar kasuwar Bukkuyum muka tafi sallama da danginsa. A gidan akwai gwaggonsa, tsohuwa mai ƙaramin jiki da baki ja saboda goro. Ta yi zaman aure a Kumasi shekara goma sha, ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Da maza suka fita kasuwa, na shiga ɗakinta na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata halin da nake ciki.

Dariya ta fara yi har da tari.

"Gado za ki kai kurmi? Ɗiyata, can aka yin katako. Gadon da kika taƙama da shi, can bencin zaure ya hi shi. Katihwa kuwa in damina ta kama, raɓa kaɗai ta ishe ta. Kwanoni, ba irin da babu cikin kasuwa. Ni nawa da nit tahi da su, rabi sun ƙwarzane tun kan hanya, gilashin kabad kuwa cikin zane munka kwashe shi."

"To, Gwaggo, Malam ke nan ya yi gaskiya?"

"Ban ce ba." Ta gutsiri goro. "Shekarata ta hwarko can, kin san abin da yas sa ni kuka? Hura. Akwai gero, daga arewa aka kawo shi. Ana ma yin hurar cikin Zango, unguwar Hausawa, amma ba irin tamu ba, ba ta da danƙo. Turamensu na sakwara na, masu hwaɗi, ba zurhi, kina daka gero na tsalle waje. Masu zurhin kuma iccensu ba nauyi. Sai da nit yi shekara biyu kahin wani ya zo min da turmi daga gida."

Na tambaye ta injin taliya. Ta ce a zamaninta ba ta taɓa ganin ko ɗaya a unguwarsu ba. Na tambaye ta daddawa da kuka. Ta ce akwai, amma sai na ɗanɗana zan san bambanci. Daga nan ta koma ba ni labarin ruwan sama, da yadda ake gaisuwa da harshen mutanen garin, ba ta sake komawa kan kaya ba. Ba ta ce ɗauki wannan ko bar wancan ba.

A motar dawowa, muna matse cikin bas, ƙaramar na barci a cinyata, na yanke abin da zan yi. Washegari na shimfiɗa tsohuwar tabarma a gindin bango. Duk abin da hannuna ya taɓa don aiki, daga asuba zuwa magariba, in na gama da shi sai in ajiye shi a kan tabarmar nan maimakon in mayar inda yake. Haka na yi sati guda. Malam ya tambaye ni ko shara nake yi, na ce wani abu nake dubawa.

Ran bakwai na tsaya na duba. Turmi da taɓare biyu. Injin taliya. Babbar tukunyar ƙarfe da ƙarama. Ƙwarya huɗu, ludaya, faya-fayai, rariya, maburgi, muciya, wuƙa. Kwanon sha guda uku da suka daɗe da rasa fenti. Shi ke nan. Na leƙa ɗaki, kabad na nan yadda yake, ban buɗe shi ba sai ranar Juma'a don gogewa. Na ji wani iri a raina, amma na ga zahiri da idona.

Bayan Malam ya ci tuwon rana na kira shi na nuna masa.

"Malam, na yarda a bar gado da kabad da katihwa. Amma waɗanga sai da su."

Ya dubi turmin ya dube ni. "Wanga gungumen? Kin san wurin buhu nawa za shi ci? Motar ga ba tamu ta ba, alhwarma anka yi muna."

"Kai da mi za ka tahi?"

"Da albasa mana."

"Don mi ba ka bari sai ka isa ka sai ta can?"

"Ita ta sana'ata!"

"To ni ma ga tawa."

Sai ya ce zai yi magana da direba, amma kada in sa rai. Ni kuwa ban jira ba. Direban mutumin Gummi ne, unguwarsu ɗaya da yayana. Na aika wa Yaya ya tambayo mini gaskiyar wurin da za a iya samu. Amsa ta dawo: wurin buhu uku, can saman kaya, ba ƙari. Na auna wurin buhu uku da igiya, na yi ƙulli a iyakarsa, na gwada da kayana. In na bar akwatin ƙarfena na ƙulle tufafinmu a zane, komai zai shiga. Da Malam ya dawo yana shirin ce mini ba wuri, na miƙa masa igiyar da ƙullin da na yi a jikinta. Ya juya ta a hannu, ya ce, "Ashe har kin gama." Bai ƙara musu ba.

Saura Inna, kuma nan ne abin ya fi wuya.

Na roƙi Malam kada a sayar da ko ɗaya. Muka ɗauki a-kori-kura, aka loda gado da katifa da kabad da kwanuka, aka nufi Gummi. Da motar ta tsaya ƙofar gidanmu, Inna ta fito ta ga ana saukewa, ta juya ta shige ɗaki. Na bi ta.

"Kin raina abin da nit tara miki," ta ce, ba ta dube ni ba.

"Wallahi Inna ban raina ba. Don ban raina ba nik kawo su nan. Gwaggon Malam ta ce nata cikin zane ta kwashe su. In sun hwashe kan hanya, wa ya amhwana? Ga ƙannena biyu sun tasa. Ki raba musu, ki huta da tari. Gadon kuwa naki na."

"Nawa?"

"Naki. Shekara nawa kina kukan baya bisa gadon kara?"

Hawaye na zuba, tana sharewa da bakin zane. Can ta ce, "To ke da mi za ki shiga garin mutane?"

"Da abin da kinka koya min."

Ta tashi ta fita tsakar gida inda aka jibge kwanukan. Ta yi ta ɗagawa tana ajiyewa, har ta zaɓo samira guda mai murfi, shuɗiya, wadda ta ce ita ta fara saya. Ta cika ta da daddawar da ta yi da hannunta, ta ɗaure da tsumma, ta dangwara mini a gaba.

"Wagga kam ko mijinki ya ƙi sai ta tahi."

Kwana biyu kafin tafiya ta zo Anka da kanta, ita ta shirya kayan. Ta naɗe injin taliya da tsohon zane ta zura shi cikin turmi, ta cusa ƙullin kuka da kuɓewa busasshiya da kanwa da citta a duk inda ya rage, ta rufe bakin da fatar akuya ta ɗaure tam. Ƙoren ta jera su ɗaya cikin ɗaya da ƙaiƙayi a tsakani, ta kife su cikin babbar tukunya. Tana yi tana faɗa, wai ban iya ɗauri ba.

Da bazara muka tashi, bayan an gama cirar albasa. Muka kai kayan Gummi, inda motar ta ɗauke mu da sassafe. Ni da yara a gaba kusa da direba, Malam a sama kan buhuna tare da kayana. Muka bi ta Jega muka faɗa Kamba, muka ƙetara Gaya ta ƙasar Nijar, muka haye gadar kogin Kwara zuwa ƙasar Benin. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin wannan ba. Babbar ta tambaye ni ko shi ne teku. A kowace iyaka akan tsaya a duba takardu da kaya, wani wuri awa biyu, wani wuri yini. Nan na gode wa Allah da ba gado a motar. A wata iyakar wata ma'aikaciya ta sa aka kwance fatar bakin turmin, ta ciro injin taliya ta yi ta juya shi, ta kasa gane ko mene ne. Na murza mata hannun, na kwatanta da yatsu yadda taliya ke fitowa. Ta yi dariya ta kira abokiyar aikinta ta gani, suka mayar mini.

A rana ta huɗu, cikin ƙasar Togo, muna gangara wani tudu, motar ta faɗa rami ta yi tsalle. Na ji an buga saman motar da ƙarfi ana ihu. Direba ya taka birki. Na leƙa ta taga, sai ga turmina a kan kwalta yana gangarawa, ya wuce mu, ya nufi ƙasan tudu. Igiya ce ta tsinke. Kafin in buɗe baki Malam ya diro daga sama, ya tattare riga, ya bi shi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, hula ta faɗi. Mutanen wani ƙauye da ke bakin hanya suka fito suna kallo. Turmin ya bar kwalta ya faɗa cikin ciyawa, ya daki wani kututture ya tsaya.

Na ce shi ke nan, ya tsage. Sai ga Malam yana hawowa, turmin a kafaɗa, gumi na zuba, yana nishi. Ya sauke shi a gabana. Na shafa shi ko'ina. Ƙwarzane kawai a gefe guda, fatar ma ba ta kwance ba.

Direba ya ce, "Malam, ai na zaci kai ne kac ce a bar shi gida."

Yana haki ya ce, "Tun da ya zo har nan, ba a barin shi cikin daji."

Daga nan har Kumasi yana zaune a sama da hannu ɗaya a kan turmin.

Mun isa cikin ruwan sama. Kawu da matarsa suka tarbe mu a wani babban gida a Zango, mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, kowane ɗaki da iyalinsa. Namu ɗakin ba komai sai tabarma biyu da suka ara mana. Matan gidan suka leƙo kamar yadda Inna ta faɗa. Na ji kunya ta rufe ni na ɗan lokaci. Amma ba ɗakin suka tsaya kallo ba. Turmin suka kewaye. Wata dattijuwa, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Kabi amma ita a can aka haife ta, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ce rabonta da ganin irinsa tun na kakarta.

Albasar da Malam ya zo da ita ba ta yi albarka ba. Mun daɗe a hanya, ga ruwa ya same ta, ga laimar garin. Kafin sati biyu fiye da rabi ta ruɓe. Yakan dawo ya zauna bakin ƙofa ya zuba tagumi, ba ya ko son a yi masa magana. Kawu ya yi ta ba shi haƙuri, yana cewa kowa da haka ya fara.

Ni kuwa tun kwana na uku na roƙi matar Kawu ta raka ni inda ake sayar da gero. Na surfa, na wanke, na daka, na dafa, na kirɓa. Ƙarar taɓarya ta cika gidan. Na dama ƙwarya guda na ba Malam ya tafi da ita rumfa don shi da Kawu. Bai kai azahar ba ya dawo da ƙwaryar a kife.

"Akwai saura?"

"Kun shanye?"

"Ba mu kaɗai ba. Mutanen Sakkwato da na Argungu da ke kasuwar sun gani, kowa ya kurɓa. Wani tsoho har da hawaye. Sun ce gobe a kai musu, za su saya."

Washegari na yi ƙwarya biyu. Bayan sati na koma yin kwano huɗu na gero a rana, har na ɗauki mata biyu a gidan suna taya ni daka. Taliya ta biyo baya. Na shanya ta a igiya cikin ɗaki saboda ruwa, yaran gidan suka ɗanɗana da manja da yaji, iyayensu suka fara aikowa. Wata huɗu cur, kafin kasuwar Malam ta miƙe, da furar nan da taliyar nan muka ci, muka sa babbar a makaranta. Shi da kansa yake ɗaukar ƙwaryar zuwa rumfa kowace safiya, ya dawo mini da buhun gero in ya ƙare.

Wata rana yana zaune yana kallona ina kirɓi, sai ya ce, "Da kin bi tawa, da yanzu muna ina?"

Na ce, "Da na bi ta Inna ma da har yau muna iyaka ana sauke gado."

Ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun Anka.

Kafin shekara ta zagayo na je wurin kafintoci da ƙafata, na zaɓi katako ja mai nauyi, aka yi mini gado da ɗan kabad. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba, ban taɓa ganin katako irin wannan ba.

Da direban nan zai koma gida, muka ari rakoda muka sayi kaset don mu aika da gaisuwa. Muka zauna tsakar gida bayan la'asar. Malam ya gai da kowa da kowa, ni ma na yi tawa, na ba Inna labarin komai tun daga Togo. Babbar ta karanta mata abin da ta koya a allo. Ƙaramar ta ƙi magana, sai da aka kusa kashewa ta matso ta gai da kakarta da harshen mutanen garin, duk gidan aka fashe da dariya, dariyar ma ta shiga cikin kaset ɗin.

Bayan wata biyu amsa ta zo. Muka kunna, ga kukan awakin gidanmu, ga muryar Baba yana cewa a matso kusa. Inna ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce an sa ranar auren ƙanwata bayan kaka. Ta ce ta kunna wa matan unguwa kaset ɗinmu har sau uku, kuma ba wanda ya gane abin da jikarta ta faɗa. Daga ƙarshe ta ce in aiko mata da goro fari, manya, kada in bari Malam ya zaɓa.